Maigida ya kamu da tarin fuka, wa za a fara kaiwa asibiti?

Wata uwargida ce ta rubuto daga cikin birnin Katsina. Ga saƙonta, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti. Maigidanmu tela ne. Ya kusa wata huɗu yana tari, ana sayo masa magani a kemis, ya sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe, har ya rame ya lalace. Makon jiya aka gwada kakinsa aka ce tarin fuka ne, an ɗora shi a kan magani. Mu goma sha ɗaya ne a gidan: shi, da ni da 'ya'yana biyar, babbar shekararta 18 kuma an sa mata rana, autan shekararsa uku, sai abokiyar zamana da jaririyarta 'yar wata bakwai, sai Hajiya mahaifiyarsa mai ciwon suga, sai ƙaninsa da ke kwana a shagon ƙofar gida. Hajiya ta ware masa kwano da kofi da cokali, ta ce amarya ce ta kawo mana, don mahaifinta da tari ya rasu. Ma'aikaciyar asibiti ta ce a kawo kowa a duba, amma ya hana, wai kada maganar ta fita a fasa auren ɗiyarmu. Yaran duk lafiyarsu lau a ido. Wa ke cikin haɗari a cikinmu? In daina karɓar kwana ne? Kuma da gaske daga amarya abin ya fito?"

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Cikin mutum goma da ke zaune da maigida, akwai biyu da ba zan so makon nan ya fita ba a gan su a asibiti ba: jaririyar abokiyar zamanki, da autanki. Na ji kin ce lafiyarsu lau, kuma na yarda. Sai dai a wannan cuta lafiyar ido ba hujja ba ce ga ƙaramin yaro, zan kuma gaya miki dalili. Maganar kwano da ta kwana da ta wanda ya kawo duk suna da amsa, amma ko an yi jinkirin amsa su ba a rasa rai. Ta yaran nan biyu ce ba ta son jinkiri.

Hajiya ba don ƙi ta ware kwanon ba, tsoro ne irin na uwa, kuma abin da ta taso ta ga ana yi ke nan. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Ƙwayar tarin fuka ba ta bin kwano, ba ta bin cokali, ba ta bin buta ko wanki ko gaisawa. Iska take bi. Idan mai cutar a huhu ya yi tari ko atishawa, ko ma ya ɗaga murya, yana fesar da wasu 'yan ɗigo da ido ba ya gani. Manyan su faɗi ƙasa, ƙananan su bushe su yi ta yawo a ɗaki, har tsawon sa'o'i idan ɗakin a rufe yake. Duk wanda ya shaƙa, sai su zarce can ƙasan huhunsa. An tabbatar da haka tun a ƙarshen shekarun 1950, a wani asibiti da ke birnin Baltimore na Amurka. Wani likita, Richard Riley, da abokan aikinsa suka ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa wani ɗaki a sama inda aka ajiye ɓerayen Masar. Dabbobin ba su taɓa haɗa ido da majinyatan ba, balle kwano, amma suka yi ta kamuwa. Aka kuma lura cewa majinyatan da suka fara shan magani ba sa harbin dabbobin kamar waɗanda ba su fara ba. Abin ci ko sha guda ɗaya da ake tsoro shi ne nonon saniya mai cutar da ba a tafasa ba, wannan kuwa wata ƙwaya ce 'yar'uwar wannan, ba ita ce damuwar gidanku ba.

Ga gwajin da za ki iya yi yau ba tare da kin kashe ko sisi ba. Ki bari maigida ya fito tsakar gida, don hayaƙi zai tayar masa da tari, sannan ki sa turaren wuta a kasko a turakarsa. Ki bar ɗakin yadda kuka saba barinsa da dare: ƙofa a rufe, labule a sake, tagar nan guda ɗaya da aka toshe da kwali ko tsumma tun hunturun bara ba a sake waiwayarta ba. Ki dawo bayan awa ɗaya. Idan kin tarar hayaƙin na nan ya yi tsaye, to haka numfashinsa yake tsayawa a ɗakin, kuma shi kuka yi wata huɗu kuna shaƙa. Sai ki cire kwalin, ki ɗage labule, ki buɗe ƙofa, ki ga cikin minti nawa ɗakin zai washe. Na san gine-ginenmu na cikin birni, bango ya haɗu da bango, wani ɗakin tagarsa ko tafin hannu biyu ba ta kai ba, ga sauro, ga ƙurar hunturu. Duk da haka a buɗe abin da zai buɗu, a kafa gidan sauro. Fanka a ɗaki rufe juya iskar kawai take yi, sai an ba ta hanyar fita. A riƙa shanya shimfiɗarsa, a bar rana ta shiga ɗakin, don hasken rana na kashe ƙwayar.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, ranar da aka ce wa mutum yana da tarin fuka ita ce ranar da ake fara gudunsa, alhali daga ranar ne haɗarinsa ke fara raguwa. Haɗarin gidanku yana cikin wata huɗun da suka wuce, lokacin da ake ce masa sanyi ne ko ƙura ce, kowa na shiga yana yi masa sannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mai cutar da ba ya shan magani na iya sa wa mutum 5 zuwa 15 a shekara. Da ya fara haɗiyar magani kuwa ƙwayoyin na ta mutuwa, kuma ga yawancin mutane, idan aka yi kamar mako biyu ana sha kullum babu fashi, tarin ya fara sauƙi, yiwuwar ya sa wa wani ta ragu ƙwarai. Sharaɗin shi ne ƙwayar ta zama mai jin magani. Na'urar GeneXpert da ake gwada kaki da ita tana nuna wannan tun a gwajin farko, wato ko ƙwayar na jin maganin rifampicin ko ta bijire masa. Ki tambayi ma'aikaciyar, yana rubuce a takardarsa. Idan mai bijirewa ce, lissafin duka ya canza, har irin maganin kariyar da za a ba ku, sai ku bi abin da likita ya tsara.

Saboda haka ga amsata kan kwana. Ku ɗaga masa ku biyun, ke da abokiyar zamanki, har ya cika mako biyun nan, ma'aikaciyar ta ce ya yi. Ku biyu na ce, don kada a wayi gari ana cewa uwargida ta guje shi ya kwanta ciwo, ko amarya ta ga an tura ta ita kaɗai. Girki ya ci gaba yadda yake. A kai masa abinci, a zauna da shi a tsakar gida ko a rumfa a yi hira, don a sarari iska na kwashe komai. Idan zai shiga cikin mutane a ɗaki ya sa takunkumi, idan tari ya zo ya kare bakinsa da hankici ko gwiwar hannu, kakin kuma ya tofa a gwangwani mai murfi a zubar a masai, ba a gindin bango inda yara ke wasa ba. Cutar ba ta bin hanyar auratayya. Abin da ake gudu shi ne awa bakwai ko takwas a rufaffen ɗaki, fuska kusa da fuska. Bayan an wuce wannan ku koma yadda kuke.

Yanzu ki ɗauko takarda da biro mu yi lissafin gidan. Masu bin sawun cutar suna ƙirga duk wanda ya kwana wuri ɗaya da majinyaci ko da dare ɗaya ne, ko ya riƙa daɗewa da shi a rufaffen wuri da rana, a cikin wata ukun da suka gabaci fara magani. Ke ki ƙirga tun daga ranar da tarin ya fara. A gaban sunan kowa ki amsa tambaya biyu. Ta farko, iskar maigida nawa ya shaƙa? Ta biyu, idan ƙwayar ta shiga, jikinsa zai iya danne ta?

A ta farko ke da abokiyar zamanki ne a sama, don ku ke kwanan turaka. Amma ki tuna, mai goyon wata bakwai ba ta zuwa turaka ita kaɗai, da jaririyar take tafiya. Ke nan yarinyar nan ta yi rabin dararen wata huɗu a ɗakin, wato tun tana 'yar wata uku. Autanki ma ki tuna ko yana bin ki, ko shi ne mai hayewa cinyar Baba idan ya dawo daga shago. Sai Hajiya, idan ya saba shiga ɗakinta bayan isha'i ya daɗe yana hira. Manyan yaran da ke kwana a nasu ɗakin, su yini a makaranta da Islamiyya, sun fi nisa. Ƙaninsa kuma ya danganta: idan shagon da yake kwana shi ne wanda maigida ke yini yana ɗinki, to ba na nesa ba ne ko kaɗan, ya ma fi wasu na cikin gida kusa. Wannan ya kawo mu ga waɗanda ba ki sa a lissafinki ba, wato yaran shago. Shagon tela ƙarami ne, mutum uku ko huɗu a kan keke, kai a sunkuye tun safe har dare, balle idan lokacin ɗinkin salla ne da ake kwana a kai. Su ma 'ya'yan wasu ne, kuma gida suke komawa. A sa su a takardar. Abokan majalisa da ake zama da su a waje a kan benci, nasu da sauƙi.

Tambaya ta biyu ce ke juya jerin. Shigar ƙwayar jiki daban, kwanciya ciwo daban. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu, amma garkuwar jiki ta killace ta, ba sa tari, ba sa sa wa kowa. Cikin irin waɗannan, 5 zuwa 10 cikin 100 ne cutar ke tasar wa a tsawon rayuwa, kuma ta fi tashi a shekara biyun farko. Wannan lissafin babba ne mai ƙoshin lafiya. Na ƙaramin yaro ba haka yake ba. A shekarar 2020 an fitar da wani babban nazari da ya haɗa bayanan yara sama da dubu 130 daga ƙasashe 34, dukansu sun zauna da mai cutar. Aka samu cewa cikin 'yan ƙasa da shekara biyar da gwaji ya nuna ƙwayar ta shige su kuma ba a ba su maganin kariya ba, kusan ɗaya cikin biyar ya kwanta da cutar kafin shekara biyu, yawancinsu ma a watannin farko. Jaririn da bai cika shekara ba ya fi haka haɗari. Kuma a jikin jariri ƙwayar ba lallai ta tsaya a huhu ba, takan bi jini ta bazu, ko ta hau kai ta zama sanƙarau. Irin wannan sanƙarau ba ya zuwa da hayaniya. Yarinya ta rage shan nono, ta yi ta barci, zazzaɓi sama-sama, a ce haƙori ne. Kafin a farga ta fara suma. Wadda ta tsira ma wani lokaci ta tsira da nakasa.

Za ki ce ai an yi musu allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, ga tabon nan a damtse. Madalla, tana rage wa yaro haɗarin irin waɗannan munanan nau'o'in. Amma ba ta toshe hanya gaba ɗaya, kuma yaron da aka yi wa ita ya kwana da mai tari, shi ma a duba shi a ba shi kariya.

Bayan ƙananan sai Hajiya. Ciwon suga na ninka haɗarin sau biyu zuwa uku, ga shekaru, kuma tsoho idan ya fara tari ko rama kowa cewa yake tsufa ne. Sai duk wanda jikinsa ya yi rauni saboda ƙarancin abinci, abin da ba sai na yi miki bayani ba a wannan zamani na tsadar hatsi. Sai mai shan taba. Sai mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wanda haɗarinsa ya ninka na sauran fiye da sau goma. Shi ya sa ake yi wa duk mai tarin fuka tayin gwajin wannan cutar, ka'ida ce ga kowa, kada maigida ya ɗauka zarginsa ake yi. Yara 'yan shekara biyar zuwa goma su ne suka fi kowa tsira, amma da an fara balaga haɗarin ya sake hawa, don haka babbar ɗiyarki da aka sa wa rana da mai bi mata ba a bar su a baya ba.

Kada wannan ya sa ki ga kamar gidan ya gama yawo. Da aka tattara binciken da aka yi a ƙasashe masu tasowa irin tamu, an samu cewa idan aka duba waɗanda ke zaune da mai tarin fuka, kamar 3 cikin 100 ake samu da cutar ta riga ta tashi, kusan rabi kuma ƙwayar ta shiga amma tana kwance. Ke nan mafi rinjayen zato shi ne a duba ku a ce babu wanda ya kwanta. Aikin shi ne a gano ɗayan nan idan akwai shi, a kuma kashe ta kwancen kafin ta farka.

Abin da za a yi muku a asibiti ba mai yawa ba ne. Za a tambayi kowa: akwai tari, musamman wanda ya kai mako biyu? Zazzaɓi? Gumin dare da ke jiƙa riga? Rama? Ga yara za a ɗora su a sikeli, a tambaya ko sun rage wasa, a laluba wuya ko akwai kaluluwa. Ku tafi da katin awon jaririyar, layin nauyinta kaɗai na iya ba da labari. Wanda ke da alama za a karɓi kakinsa, a yi masa hoton ƙirji. Ƙaramin yaro ba ya iya fitar da kaki, haɗiyewa yake yi, shi ya sa yanzu ake gwada bayan gidansa da na'urar, kada ki yi mamaki idan aka miƙo muku 'yar roba. Akwai kuma gwajin fata da ake karantawa bayan kwana biyu zuwa uku, sai dai yakan ɗauki makonni bayan shigar ƙwayar kafin ya nuna, don haka ba a jiransa kafin a kare ɗan ƙasa da shekara biyar. Da an tabbatar cutar ba ta tashi ba, sai a ba shi maganin kariya. Akwai na kullum na wata uku, haɗin isoniazid da rifampicin, wanda na yara narkewa yake a ruwa a ba su a cokali. Akwai isoniazid shi kaɗai na wata shida. Akwai na sau ɗaya a mako har mako 12, wanda aka fi ba manya. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe ƙofar ba wa manyan gida su ma, ba yara kaɗai ba. Likita ne zai zaɓa wa kowa nasa. Mai ciki ta faɗa tun a farko. Wadda ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko aka saka mata na damtse, ita ma ta faɗa, don rifampicin da danginsa na rage musu ƙarfi. Shayarwa kuwa ta ci gaba, cutar ba ta bin nonon uwa.

Gwajin kaki da maganin cutar da na kariya duk kyauta ne a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da tarin fuka da kuturta, hoton ƙirji ne wani wurin ake biya. Ba sai kun je Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibiti ba. Inda maigida ke karɓar magani nan ya fi, don nan sunansa yake a rajista. Akwai kuma lambar 3340 da ake kira kyauta a yi tambaya.

To, maganar amarya. 'Yar'uwa, ba wanda zai iya zama a tsakar gida ya nuna wanda ya kawo tarin fuka, ko likita ne. Ƙwayar na iya kwanciya a jikin mutum shekara da shekaru kafin ta motsa. Wataƙila maigida ya shaƙe ta yana yaro a makarantar allo, ko a motar haya gilashi a rufe, ko wurin wani mai kawo ɗinki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasin kusan mutum dubu 500 ke kamuwa a shekara, to ina ne babu ita? A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu an taɓa bin gidajen da aka samu majinyata biyu ko fiye a gida ɗaya, aka gwada ƙwayoyinsu a ɗakin bincike don a ga ko iri ɗaya ne. Fiye da rabinsu ƙwayar da ke jikinsu ba irin ta ɗan gidansu ba ce, kowa daga waje ya kwaso tasa. Gida ɗaya, tari ɗaya a kunne, amma asali daban. Sannan ki riƙe wannan: wanda ƙwayar ke kwance a jikinsa ba ya sa wa kowa. Idan abokiyar zamanki ba ta tari, ba ta rama, to ba ta da hanyar da za ta ba shi, ko da tarin fuka ne ya kashe mahaifinta. Rasuwar mahaifinta dalili ce ta a duba ta da kyau, ba ta a tuhume ta ba. Yadda abin yake a yanzu, ita ce ke cikin haɗari daga gare shi.

Ki yi hattara da wannan zargi, don yana da illa ta zahiri. Macen da aka ɗora wa laifi, idan gobe ta fara tari, ɓoyewa za ta yi, ta danne shi a filo da dare don kada a ce ga shi an faɗa. Kuma jaririya na kwance a gefenta. Ke ce babba, kuma yadda kika sa 'yarta a lissafinki ya nuna min ba ki da mugun nufi. Ki je ɗakinta da kanki ki ce mata, "Maman Baby, ni ban yarda da wannan maganar ba, shirya mu kai yaran nan tare." Hajiya kuma kada ki yi musu da ita a kan kwano, in ta ga dama ta ci gaba da warewa na ɗan lokaci, ba abin da zai rage sai daɗin ran ɗanta. Ki ba tsoron nata aikin yi. Ki ce, "Hajiya, an ce jikokinki ƙanana da ke kanki ku ne abin ji, ki yi masa magana ya bari a duba mu." Abin da matar mutum za ta yi mako tana roƙo, uwarsa da kalma ɗaya take gama shi.

Shi kuma maigida ki fahimce shi kafin ki ja da shi. Mutum ne da ya rame, ya bar shago, yana jin kunya, ga biki a gaba. Tsoronsa ba na banza ba ne, mun san bakin mutane. Amma ki nuna masa, a lokacin da ya ci ya ƙoshi ba kowa a wurin, cewa hanyar da ya ɗauka ita ce mai tona asirin. Idan an duba babbar ɗiyarku yau aka ce lafiyarta lau, ta tafi ɗakinta da kwanciyar hankali. Idan an samu wani abu, magani ne na wata shida ta warke sarai, a gaya wa angon gaskiya a daidaita rana. Amma a ce ba a duba ba, ta tare, bayan wata biyar ta fara tari a gidan miji, a bincika a gano mahaifinta ya sani ya yi shiru, wannan ce maganar da ba ta mutuwa. Kuma ba wanda ya ce ku jeru ku goma a titi kamar masu rakiyar amarya. Ku je bibbiyu, yau waɗannan gobe waɗancan. Mace ta goya yaro ta nufi asibiti, wa zai tsaya tambayarta? Ma'aikatan lafiya kuma amana ce a wuyansu kada su fitar da sirrin majinyaci. Idan ya ƙi jin taki da ta Hajiya, ki roƙi ma'aikaciyar ta zaunar da shi ranar karɓar magani, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya tuna masa hadisin nan da ke cewa kowannenku makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Idan duk an yi ya kafe fa? Ra'ayina, manya za su iya ɗan jinkirtawa ana lallashinsa, amma ƙananan nan biyu a kai su. Ba a ɓoye ba. Ki gaya masa cikin ladabi cewa gobe za ku kai su, ki nemi Hajiya ta tsaya muku. Ban ce ki tayar da rigima a gidanki ba, amma ban ga uzurin da za a bayar ba idan yarinyar nan ta sanƙare alhali an faɗa muku.

Kariya mafi girma ga gidan kuma ita ce shi ya gama maganinsa. Wata biyun farko haɗin magani huɗu ne, wata huɗun baya haɗin biyu. Wajen wata na biyu zai ji garau, ya yi ƙiba, ya koma kan keke, a nan ne da yawa ke yar da magani, cutar ta dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin magani, gidan kuma ya koma farko. Wadda ke da girki ita ce mai miƙa masa da safe ta tsaya ya haɗiye, a yi alama a katinsa. Fitsarinsa zai yi ja-ja kamar ruwan lemo, maganin ne, ba jini ba. Amma idan idonsa ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinsa ya fara dishi-dishi, a koma asibiti a ranar. Za a sake gwada kakinsa a wata na biyu da na biyar da na shida, kada a tsallake ko ɗaya. A ciyar da shi gwargwadon hali, wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, zogale, abin da ya samu. Yaran da aka ɗora a kan kariya su ma sai an kai ƙarshe, ko da suna ta tsalle-tsallensu.

Ko an duba kowa an ce lafiya, ki ajiye takardar nan da kika rubuta sunaye, ki sa ido har shekara biyu. Duk wanda ke cikinta ya fara tarin da ya ƙi tafiya, ko zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ko yaro ya tsaya ba ya ƙara nauyi, kada a bi ta kemis. A wuce asibiti kai tsaye, kuma kafin likita ya tambaya a gaya masa an yi tarin fuka a gidan, a wata kaza na shekara kaza.

Allah ya ƙara sauƙi, ya kai mu bikin lafiya.